Wa Ke Biyan Hutun Mai Tuƙa Tuwon Makaranta?

Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar Katsina ya san ƙararrawar cin abinci, ya san dogon layi da kwano a hannu, ya kuma san gabza, abincin da muka yi ta kushewa muna ci har muka gama aji shida. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar sunan matar da ke tashi kafin assalatu ta hura itace domin a sami kunun safe. Ni na san sunan ɗaya daga cikinsu, domin gwaggona ce, ƙanwar mahaifina. Shekara goma sha huɗu ta yi tana tuƙa tuwo a wata makarantar kwana a kudancin Jihar Katsina, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wata takarda da ke ɗauke da sunanta a matsayin ma'aikaciya. Ƙarshen wata a kira ta a ofis, a ƙirga mata kuɗi a hannu, ta dangwala yatsa a wani littafi, ta yi godiya ta fita.

A shekarar 2017 mijinta ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, aka kwantar da shi a asibiti. Ta je wurin mai kula da kicin ta gaya masa halin da ake ciki. Mutumin kirki ne, ya yi mata jaje, ya yi wa mara lafiya addu'a, sannan ya ce: “Baiwar Allah, kin san tukunya ba ta jira. Ki kawo wadda za ta riƙe miki, in ba haka ba dole in nemi wata.” Wadda ta samu ta riƙe mata ita ce 'yarta, yarinya mai shekara goma sha huɗu, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo. Aka yi mako shida ana jinya, Allah ya karɓi abinsa. Gwaggo ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Kusan rabin shekara ke nan yarinyar tana tsaye a bakin murhu tana tuƙa wa sa'o'inta tuwo. Da Gwaggo ta fita takaba ta koma ta tarar da wurinta yana nan. Yarinyar ce ba ta sake komawa aji ba, shekara na zagayowa aka yi mata aure.

Bayan wasu shekaru, na riga na fara aikin jarida, na tambaye ta me ya hana ta neman hutu a lokacin. Ta dube ni kamar na yi wauta, ta ce: “Kai ɗan nan, hutu ai na ma'aikata ne. Mu 'yan taimako ne.”

Wannan amsa ce ta sa ni rubutun yau. Gwaggo ta sami hutu, ba shakka, kuma an biya shi. Da karatun 'yarta aka biya. Makarantar da ta ci moriyar guminta shekara goma sha huɗu ba ta fitar da ko sisin kwabo ba.

Su wane ne, wa ya ɗauke su?

Makaranta ba malamai kaɗai ke tafiyar da ita ba. Akwai Baba mai gadi, akwai masu shara, akwai masinja, akwai kuku da mataimakanta masu tankaɗe da wanke tukwane, akwai mai ɗebo ruwa, akwai dattijuwar da ke kwana da 'yan mata a ɗakunan kwana, akwai direba idan makarantar na da mota. Wasu daga cikinsu cikakkun ma'aikatan gwamnati ne, suna da lambar fayil, albashinsu yana shiga banki, suna jiran fansho. Maganata ba a kansu take ba. Maganata a kan sauran take, waɗanda ake kira 'yan wucin-gadi ko 'yan sa-kai, ko da kuwa mutum ya yi shekara ashirin a wurin.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo gwamnatin tarayya ta yi wa aikin gwamnati garambawul, ta fitar da ayyuka irin su shara da gadi da tuƙin mota daga jerin gurabenta, ta ce a riƙa ba da su kwangila. Tun daga nan tunanin ya zauna cewa ƙananan ayyuka ba sa bukatar ma'aikaci na dindindin. A makarantunmu na jiha abin ya zo a hankali: tsohon mai gadi ya yi ritaya ko ya rasu, a daɗe ba a turo wani ba, hedimasta ya ga ana sace tagogi da kujeru, sai ya kira ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a yi karo-karo a sami wani dattijo a unguwa a riƙa ba shi abin sayen goro. Haka ake samun mai shara, haka ake samun 'yan kicin. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya ƙara wani rukuni: mata masu dafa abinci da aka ɗauka a matsayin 'yan kwangila, ana lissafa musu naira 70 a kan kowane yaro a farkon shirin. Da aka dakatar da shi a watan Janairun 2024, babu batun sallama, domin a takarda masu sayar da abinci ne.

Ka tambayi ɗaya daga cikin mutanen nan wa ya ɗauke shi aiki, zai ce makaranta. Ka tambayi makaranta, ta ce iyayen yara ne. Iyayen yara su ce su taimako kawai suke yi. Ofishin sakataren ilimi ya ce ba ya cikin jerinsa. Aikin yana da mai shi a kowace safiya, domin idan mai shara ya makara akwai wanda zai yi masa faɗa. Ranar da ya kwanta ciwo ne ake rasa mai shi.

Abin da doka ta tanada, da ƙofofin da ta rufe

Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, an yi ta ne musamman domin masu aikin ƙarfi da ƙananan akawu. Ma'anar “ma'aikaci” a cikinta ta cire manyan jami'ai da ƙwararru, ta bar lebura da ire-irensa, kuma ta amince da yarjejeniyar baka kamar yadda ta amince da ta rubutu. Ke nan mai gadi da kuku su ne ainihin mutanen da aka rubuta dokar dominsu. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Sashe na 16 ya ba shi har kwana 12 na aiki a shekara da cikakken albashi idan ya yi rashin lafiya, muddin likita ya shaida. Sashe na 18 ya ba shi aƙalla kwana shida na hutun shekara bayan wata 12 yana aiki a jere. Sashe na 54 ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a jere tana aiki, da rabin sa'a sau biyu a yini domin shayarwa. Ya kuma hana a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu. Mako shidan nan na bayan haihuwa kwana 42 ne, kusan daidai da arba'in ɗin da iyayenmu suka san mai jego tana bukata tun kafin a rubuta wata doka.

A takarda ke nan. Mu ɗauki wata mai shara a wata firamare a ƙauyen Faskari mu ga ta ina za ta shiga.

Da farko za a tambaye ta shaidar cewa ita ma'aikaciya ce. Doka ta yarda da yarjejeniyar baka, amma wanda ya je neman haƙƙi babu takarda ya san yadda ake kallonsa. Takardar da sashe na 7 ya wajabta ita ce mabuɗin sauran haƙƙoƙi, kuma wanda doka ta ɗora wa nauyin bayar da ita shi ne wanda rashin bayar da ita ke yi wa amfani.

Idan ta tsallake wannan, sai a zo kan lafazin sashe na 54 kansa. Ya ambaci masana'antu da wuraren kasuwanci da gonaki, na gwamnati ko masu zaman kansu. Bai ambaci makaranta ba. Mai makarantar kuɗi zai sha wuya kafin ya ce shi ba ɗan kasuwa ba ne. Makarantar gwamnati kuwa tana iya cewa ita ba masana'anta ba ce, ba kasuwa ba ce, ma'aikatanta dokokin aikin gwamnati ne ke kula da su. Dokokin aikin gwamnati kuma waɗanda ke cikin jerin albashi suka sani. Sai matar nan ta faɗa tsakanin dokoki biyu, kowace tana nuna ɗayar da yatsa.

Sannan ga sharaɗin wata shida a jere. Shekarar makaranta zango uku ce, kowane bai wuce wata uku da 'yan kwanaki ba, tsakaninsu hutu. Malami albashinsa yana gudana ko ana hutu, don haka aikinsa a jere yake. 'Yar kicin da ake biya sai an dafa, duk ƙarshen zango lissafinta yana komawa farko. Gwaggo ta yi zango arba'in da biyu, amma mai son zame wa nauyi zai iya rantsewa ba ta taɓa yin wata shida a jere ba. A yankinmu kuma ba hutun kalanda kaɗai ke katse aiki ba. Bayan da aka sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara a daren 11 ga Disamban 2020, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana na jihar. Matakin ya dace da lokacinsa. Malamai sun ci gaba da karɓar albashi, kamar yadda ya kamata. Waɗanda abincinsu ke rataye da murhun makaranta kuwa, da aka kashe wuta aka kashe da su. Haka abin ya riƙa faruwa a ƙauyukan Faskari da Sabuwa duk lokacin da 'yan bindiga suka tashi gari, aka kulle makaranta.

Ƙofa ta ƙarshe takardar likita ce. Doka likita mai rajista ta ce. A yawancin ƙananan asibitocin karkara jami'an lafiya na matakin farko ne ke duba mutane, likita sai an shiga Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi. Mai zazzaɓi zai hau babur ya biya kuɗin da ya kusa albashinsa na mako domin ya kawo shaidar cewa yana zazzaɓi. Mu tuna kuma cewa a 2021 gwamnatin jiha da kanta ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wanda ya rubuta sharaɗin nan a Legas a 1974 bai hango irin wannan tafiya ba.

Jinya da takaba

Ko da an buɗe duk ƙofofin nan, Gwaggo ba za ta shiga ba, domin ba ita ce ta yi ciwo ba, ba kuma haihuwa ta yi ba. Dokar ƙwadago ba ta san jinya ba, ba ta san rasuwa ba, ba ta san takaba ba.

Wanda ya taɓa kwana a asibitin gwamnati ya san cewa mara lafiya a ƙasar nan ba ya kwanciya shi kaɗai. Mai jinya ne ke sayo magani da allura, shi ke neman jini, shi ke kawo abinci, shi ke juya mara lafiya ya wanke shi ya zubar da fo. Tsarin lafiyarmu gaba ɗaya a kan bayan mai jinya yake tsaye, kuma mafi yawan lokaci mai jinyar mace ce. Idan aka tura mutum daga Sabuwa zuwa Shika ko Katsina, jinyar ta zama ƙaura ta makonni. Gwamnati ɗaya ce ke tafiyar da asibitin da ba ya aiki sai da mai jinya, ita ce kuma ke tafiyar da makarantar da ba ta yarda a tafi jinya ba.

Takaba kuwa wajibi ce a kan kowace Musulma da mijinta ya rasu. Malamai sun yi bayanin cewa mai takaba tana iya fita da rana domin larura, har da neman abinci idan babu mai ciyar da ita. Sai dai aikin kicin na makarantar kwana yana farawa da duhu ya ƙare da duhu, wasu ma a can suke kwana. A ƙasar Pauwa da kewayenta, inda 'yan bindiga suka mayar da mata masu yawa zawarawa a cikin shekarun nan, wannan tambaya ce ta yau da kullum. Muna alfahari da riƙon addini, muna cika masallatai, sannan mu bar matar da mijinta ya rasu jiya ta zaɓa tsakanin zaman takaba da abincin marayunta.

Ba mu kaɗai ba ne, amma wasu sun motsa

A Amurka akwai dokar hutun iyali da rashin lafiya da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993. Tana ba ma'aikaci mako 12 a shekara domin haihuwa ko ciwo ko jinyar mata ko miji ko ɗa ko iyaye, babu albashi, amma wurinsa yana jiransa. Sharaɗinta shi ne mutum ya yi aikin sa'a 1,250 a cikin wata 12 da suka gabata. Shekarar makaranta a can kusan kwana 180 ce. Mai aikin kicin ko mai taimaka wa malami a aji da ke yin sa'a shida a yini zai tashi da sa'a 1,080. Ya yi aiki duk ranar da makaranta ta buɗe, amma doka ta ce bai kai ba. Malami mai cikakken aiki kuwa ƙa'idojin dokar sun ɗauka ya kai, sai in mai aikin ya kawo hujjar akasin haka. Da irin wannan matsala ta taso wa ma'aikatan jiragen sama, majalisarsu ta gyara musu a 2009. Jihar Ilinoi ta rage wa ma'aikatan makarantunta sharaɗin zuwa sa'a 1,000 daga farkon 2022. Darasin da ke nan shi ne, an auna ma'aikacin makaranta da ma'aunin da aka yi domin masana'anta mai aiki shekara cur, kamar dai namu na wata shida a jere, kuma gyaran bai wuce canza lamba ɗaya ba.

Idan Amurka ta yi nisa, ga Maraɗi nan bayan Jibiya. Dokar ƙwadago ta Jamhuriyar Nijar mako 14 ta ba mai haihuwa, kuma asusun kula da ma'aikata na ƙasa yana ɗaukar wani kaso na kuɗin. Mako 14 ɗin nan shi ne mafi ƙarancin da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183, ta shekarar 2000, ta tanada, tare da cewa kuɗin ya fito daga asusun bai-ɗaya ko baitulmali don kada nauyin ya sa a guji ɗaukar mata aiki. Nijeriya ba ta rattaba hannu a kanta ba.

A cikin gida ma an motsa, amma a saman bene. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da aƙalla mako 16, kuma a 2021 majalisar zartarwa ta amince wa maza kwana 14 idan matansu sun haihu. Legas ta ba ma'aikatanta mata wata shida tun 2014. Kaduna, wadda Sabuwa ke iyaka da ita, ta yi haka a 2019. Duk wannan abin a yaba ne. Amma kowane ƙari yana tsayawa ne a kan masu lambar fayil. Malamar da ke aji tana samun ƙarin makonni, matar da ke share ajin tana nan inda take, a sifili. Kashin dankali ke nan, na sama yana danne na ƙasa, ko da ba da niyya ba.

Uzurorin da za a kawo

Za a ce babu kuɗi. Mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma 'yan wucin-gadin makaranta sun san cewa wannan lamba a rediyo kawai suke jin ta. Ko da a kanta aka yi lissafi, rabin albashi na mako 12 bai kai naira 105,000 ba. Albashinta na yau da kullum ya tafi ga wadda ta riƙe mata, ƙarin da gwamnati za ta yi shi ne wannan rabin. Mace ba kowace shekara take haihuwa ba, mutum ba kowane zango yake jinya ba. Jiharmu tana cikin bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 domin a riƙe 'yan mata a sakandare. Ana gina ajujuwa, ana ba iyaye tallafi don 'ya'yansu mata su zauna a makaranta. A bayan ginin kuma, wajen murhu, rashin wani ɗan ƙaramin tanadi yana fitar da yarinya daga aji. Wannan ɗiba ne da rariya.

Za a ce ai ana tausaya musu, shugabannin makarantu mutanen kirki ne, ana ɗauke kai idan mutum ya yi fashi. Na yarda, na ga haka da idona, kuma Allah ya saka wa masu yi. Amma tausayi yana tafiya da mai shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Kuma wanda hutunsa alfarma ce ba ya iya buɗe baki idan an rage masa kuɗi, ko an sa shi aikin gidan wani, ko an yi wa 'yarsa maganar banza. Mai kula da kicin da ya yi wa Gwaggo jaje shi ma tausayin ya yi, iyakar abin da ke hannunsa ke nan.

Za a ce idan aka matsa, makarantu za su daina ɗaukar mata masu haihuwa, ko su sallami kowa. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ya sa bai kamata a ɗora nauyin a kan asusun hedimasta ko karo-karon iyaye ba. Ƙaramar firamare ba za ta iya biyan mutum biyu a gurbi ɗaya ba. Ƙaramar hukuma mai makarantu da yawa za ta iya, jiha kuwa ba sai an faɗa ba.

Za a ce yanzu tsaro ne a gaba, wannan maganar ta jira. Mutumin farko da ɗan bindiga zai tarar a ƙofar makaranta shi ne Baba mai gadi, da tocila da gora. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da na wucin-gadi, amma sai mai aiki ya yi musu rajista ya biya kasonsa. Muna neman mutum ya kwana a bakin mutuwa domin 'ya'yanmu, sannan idan ya yi mako biyu a kwance mu ba wani wurinsa. Haka nan batun yunwa. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina saboda rashin abinci mai gina jiki a cikin wata shida na farkon shekarar. Dalilan wannan masifa suna da yawa. Amma jihar da ma'aikatan lafiyarta ke bin gida-gida suna roƙon mata su shayar da nono zalla na wata shida bai kamata a same ta tana mayar da mai jego bakin murhu kafin ta yi arba'in ba.

Abin da ke hannunmu

Harkar ƙwadago a tsarin mulki ta gwamnatin tarayya ce, majalisar Katsina ba za ta iya gyara dokar 1974 ba. Amma jiha mai ɗaukar aiki ce, kuma babu abin da ya hana mai ɗaukar aiki ya ba da fiye da abin da doka ta tilasta. Takardar umarni ɗaya daga ofishin shugaban ma'aikata, tare da Ma'aikatar Ilimi da hukumar SUBEB, za ta wadatar.

A fara da ƙirga su. Kowace makaranta ta rubuta sunan duk mai yi mata aiki, da shekarar da ya fara, da wanda ke biyansa, a ba kowa takarda da Hausa wadda zai ajiye a gida. A bayyana cewa wanda ya yi zango biyu ya cika sharaɗi, kuma hutun makaranta da rufewa saboda tsaro ba sa katse lissafi. A karɓi shaidar jami'in da ke shugabantar asibitin matakin farko mafi kusa. A tanadi hutun haihuwa da na ciwo kamar yadda dokar ƙwadago ta faɗa, a ƙara da makonnin jinyar miji ko mata ko ɗa ko iyaye, a kuma tsare wa mai takaba wurinta har ta fita, da wani abu da za ta ci. Kuɗin masu riƙon gurbi ya fito daga asusu guda a ofishin sakataren ilimi ko na shiyya. Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, su za su sarrafa. Shugabannin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna da damar su fara ba tare da jiran kowa ba. A kuma haramta, da babbar murya, karɓar yaro ko yarinya a matsayin mai riƙon gurbi.

Ƙungiyar NASU, wadda aka kafa domin ma'aikatan makarantu da ba malamai ba, ta dubi waɗanda ba a cire musu kuɗin ƙungiya daga albashi saboda ba su da albashin. Ƙungiyar malamai ta NUT ta tuna cewa ajin da malami ke shiga wani ne ya share shi. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sha faɗin cewa ilimi yana sahun gaba a mulkinsa. Ga aiki mai arha da zai iya kammalawa kafin a koma zango mai zuwa.

Mu kuma da muka ci gabza muka zama 'yan jarida da likitoci da daraktoci, kusan kowace makaranta tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, muna tara kuɗi muna yi wa ƙofar shiga fenti. A taro na gaba wani ya tashi ya nemi a kawo jerin sunayen masu gadi da 'yan kicin, a tambayi shugaban makaranta me ke faruwa idan ɗayansu ya kwanta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa shekara shida muka yi muna ci.

Gwaggo ta bar aikin yanzu, hayaƙi ya taɓa mata ido, tana sayar da ƙuli-ƙuli a gida. 'Yarta tana da 'ya'ya uku. Da na je gaishe su da Sallah babbar ta kawo mini littafinta na makaranta in duba mata, tana aji biyu na firamare. Uwar tana zaune a gefe tana bin shafin da ido, ta riga yarinyar gano inda ta yi kuskure a lissafi.